Ranar da Iskar Ta Haɗe

Kawu ya sake murɗa ɗan notin da ke bayan madubin, a hankali kamar mai cire ƙaya, sannan ya ja da baya. Jan hasken leza ya bi ta madubai ya shige kwalbar gilashin da ke tsakiyar teburin.

"Ya zauna, Dokta."

Shekara goma sha ɗaya yana saita haske a wannan ɗakin bincike. Dokta, shugabar ɗakin, sa'ar 'yarsa ta fari ce, shi ya sa take ce masa Kawu, har sunan ya bi shi.

A cikin kwalbar akwai wata 'yar iska da ido ba ya gani. Hasken na dukan ƙwayoyinta ta fuska shida har gudunsu ya mutu, maganaɗisu ya riƙe su, sannan a bar masu ɗumi su tsere, kamar yadda ake hura shayi. Dokta ta ce idan sanyin ya kai inda babu irinsa ko a sararin samaniya, ƙwayoyin za su daina zama ɗai-ɗai, su haɗe su zama jiki guda. Kawu ya taɓa tsokanarta cewa 'yan gidansu ya kamata a fara sakawa a kwalbar. Shekara uku suna bin wannan abu.

Bai gaya mata inda ya biya da safe ba. Mako biyu ke nan wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar idonsa na dama. Likitan ido ya daɗe yana leƙawa kafin ya ajiye fitilarsa.

"Baba, ƙuna ce a can ciki, kuma ba ta warkewa. Na hagun ma ya fara. Ba ku da tabarau na kariya ne?"

"Akwai. Amma in na sa, ba na ganin hasken da nake saitawa."

"In ka ci gaba, fuskar jikokinka ma ba za ka gani ba."

Yanzu azahar ta gota. Babu tagogi a ɗakin, babu motsi sai gurnanin famfon da ke zuƙe iska. Dokta ta danna maɓalli, suka tsaya gaban kwamfuta suna jira.

Hoton ya fito. Ta rufe baki da hannu.

"Kawu, dubi tsakiya. Ka ga tsinin nan da ya taso? Sun haɗe."

Ya duba. Ya ga shuɗin gajimare ta gefe-gefe. A tsakiya, inda yatsanta yake, babu komai sai duhu. Ya ɗan karkata kai, duhun ya bi shi.

"Na gani," in ji shi. "Madalla."

"Hannunka ne. Ni lissafi kawai na iya." Ta share ido da bakin mayafinta. "Saura mu maimaita da babbar lezar kafin injin ya huce. Masu duba aikin suna tafe jibi, kuma ka san in babu hoto na biyu rufe ɗakin za su yi. Za ka iya yanzu, ko ka gaji?"

Ya buɗe baki. Takardar likita tana aljihun rigarsa, a ninke huɗu. Dokta kuwa har ta juya tana neman lambar mahaifiyarta a waya.

"Je ki yi wayarki, 'yata."

Ƙofa ta rufu. Kawu ya ɗauki tabarau ya sa, ya kunna babbar lezar, ya sunkuya kan madubin farko. Ya jira idonsa ya saba. Bai ga hasken ba, ko alamarsa.

Ya tura tabaran sama kan goshinsa, ya rufe idon dama, ya kai hannu kan notin.