Kuskure Sittin da Uku

Mu uku aka zaunar a ɗakin taro mu zaɓi labarin matasa mafi inganci: ni mai kula da laburaren sakandare, da Edita, da Farfesa shugabanmu. Wanda ya ci shi kaɗai za a buga. Sauran sai kwali.

Farfesa shafi goman farko kawai yake karantawa, da jan biro a hannu, wai daga nan yake gane marubuci. Tun ranar farko jinina bai haɗu da nasa ba.

Rubutu na bakwai na wata ma'aikaciyar jinya ne, kuma shi ya tafi da ni. Labarin yarinya ce mai shekara sha biyar, ciwo ya raba ta da makaranta shekara huɗu, tana ba da labarin kanta da hannunta. A farko rubutunta duk a karkace, kalmomi a manne, "ƙ" ta koma "k". Tana samun sauƙi, rubutun na miƙewa. Zuwa shafi na ɗari ko harafi ɗaya bai kauce ba.

"Kuskure sittin da uku a shafi goma," in ji Farfesa, ya ture shi da bayan hannu. "Wannan shirmen za mu ba yara?"

"Ranka ya daɗe, da gangan ne. Yarinyar ce ba ta iya ba, ba marubuciyar ba. Duba shafi na ɗari."

"Malama, ke aikinki jera littattafai a kanta. Shekara talatin ina gyara rubutun mutane."

"Shekara talatin, ba ka taɓa leƙa shafi na sha ɗaya ba?"

Ya cire tabarau ya watsa min harara. Edita, tsohon ɗalibinsa, ya duƙufa kan waya kamar ba a ɗakin yake ba. Munafuki, shi da ya ce min littafin ya sa shi hawaye. Aka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya. Suka rubuta wa marubuciyar cewa ta gyara kurakuranta kafin ta sake shiga gasa. Na ƙi sa hannu, suka aika a haka.

Bayan wata biyu sai ga ambulan daga wurinta, da littafin a ciki. Ta gyara komai. Ta haɗo da 'yar takarda: "Na gode da gyara. Ban yi zurfi a karatu ba, ku yi haƙuri."

Na buɗe shafin farko. Tun daga layin farko, yarinyar da ta shekara huɗu a kwance tana rubutu tsaf kamar Farfesa. Na karanta har ƙarshe, ban ga inda ta warke ba.