Ramin da Bai Taɓa Cika Ba

Irmawati ta kwance murfin gorar, ta tuttule koren rinin a cikin masan, ta bi shi da ruwa bokiti uku. Daeng Kebo na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana kallon ma'aikaciyar lafiyar kamar wadda ta zo leƙa mata tukunya.

"Zuba, 'yar nan, zuba," in ji ta. "In kin ga dama ki ƙara da ja da shuɗi. Ki dai kula kada ki ɓata min tayil."

"Ba ya kama tayil, Daeng. Ruwa kawai yake bi. Inda ruwan masan nan yake zuwa, can zai fito."

"To ba inda zai fito. Shekara tara ramin nan, ko sau ɗaya bai cika ba, balle ya yi tsiyaya. Marigayi maigidana ne ya haƙa shi da hannunsa."

Wannan magana duk ƙauyen sun haddace ta. Daeng Kebo (Daeng laƙabin girmamawa ne a ƙauyen, ga mace ko namiji) gasasshen kifi take sayarwa a rumfarta ta bakin teku, kuma in ana zancen tsafta, to ba a haifi wanda zai ja da ita ba. Ita kaɗai ke da banɗaki mai tayil a duk gaɓar, kuma ba ta barin mutum ya manta.

Wata biyar ke nan da aka kafa jar tutar hana wanka a rairayin bakin tekun. Yara sun yi ta gudawa da ƙaiƙayi bayan wanka, aka zo aka auna ruwan, aka ce cike yake da ƙwayoyin cuta irin na kashi. Mutanen birni da ke zuwa shan iska ran Lahadi suka ɗauke ƙafa. Daga baya gwamnati ta ware wa ƙauyen tallafi don a gyara, amma da sharaɗi: sai an gano inda ƙazantar take fitowa, sannan a saki kuɗin a toshe ta. Shi ya sa Irmawati ta yi kwana goma sha ɗaya tana bin gidajen da ke kusa da ruwa, kullum gida ɗaya, ta zuba rini ta koma gaɓa ta zuba ido. Ba ta ga komai ba. Rumfar Daeng Kebo ce ta ƙarshe. In nan ma shiru, to saura agwagin Daeng Tarru da ke kwana a bakin rafi, kuma a taron da za a yi yau bayan la'asar tsohon zai sa hannu ya kwashe su.

Daeng Kebo ba ta ga abin jira ba tun farko. Ita ce ta bi gida-gida da takarda tana karɓar sa hannu a kan agwagin. "Tsuntsu ɗari biyu suna sakin abin da suka ga dama a ruwa," haka take cewa, "sannan a zo ana leƙa masan mutane!"

Irmawati ta zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale tun hantsi har azahar. Daeng Kebo ta kai mata kifi da shinkafa da dakakken barkono mai tsamiya, ta tsaya a kanta.

"Yaya dai? Ko tekun ya fara yin kore?"

"Ban ga komai ba, Daeng."

"Ai na faɗa miki. Ci kifinki."

Yarinyar ta ci, ta yi godiya, ta rataya jakarta ta nufi ofishin dagaci don ta rubuta rahoto.

Wajen ƙarfe uku ruwa ya janye sosai, irin janyewar tsakiyar wata, har duwatsun da ke ƙasan rumfar suka fito da gansakukarsu. Daeng Kebo ta ɗauki daro ta gangara, don ta ɗebo rairayin da take goge tukwane da shi. Ta sunkuya ke nan a gindin babban dutsen sai ta tsaya cak.

Wani ɗan siririn ruwa ne yake ɓulɓulowa daga cikin rairayin, kore shar, yana gangarawa a hankali zuwa teku. Ta sa yatsa ta tona, koren ya ƙaru. Ta ɗaga kai. Banɗakinta na nan saitin kanta, taku ashirin bai cika ba.

Nan take ta tuna ranar da mijinta, Daeng Sikki, ya gama ginin ramin. Ya jera bulo a gefe, ya shafe da siminti, amma ƙasan ya bar shi haka nan. "In ka daɓe ƙasan rami, kai da masu kwasa ne har abada," in ji shi, kuma kowa ya ce ya yi dabara. Haka ma sauran gidajen suka yi, sai dai su a kan laka suke, can hayin titi. Nata a kan rairayi yake. Ashe shekara tara tana fariya da ramin da bai cika ba, alhali teku ne yake kwashe mata shi sau biyu a rana. Laifi tudu ne, ta taka nata ta hango na agwagi. Kunya ta rufe ta.

"Daeng Kebo! Kina nan?"

Kafin ta san abin da take yi, ta kifa daron a kan wurin, ta zauna daram a kansa.

Daeng Tarru ne yake tahowa da ɗingishinsa, sanye da rigarsa ta Juma'a da baƙar hula, da ƙwai a ƙulle cikin ƙyalle.

"Yau kuma kujera kika mai da daro?"

"Bayana ke ciwo. Ina ruwanka?"

"Allah ya ba ki haƙuri. Ga ƙwanki, na ajiye miki a kan benci?"

"Ni na ce ka kawo min ƙwai?"

"Shekara nawa ina kawowa, yaushe kika taɓa cewa in kawo? Karɓi, wataƙila su ne na ƙarshe." Ya yi 'yar dariya, ya juya yana kallon bakin rafin. "Dagaci ya ce in mai da su can bayan tudu. Da wace ƙafar? Sayarwa zan yi. Ɗana dama ya daɗe yana cewa in koma wurinsa a birni. Bene hawa na huɗu, Daeng. Wai in zauna ina kallon motoci."

"Ai hutu ne," in ji ta, amma muryar ba tata ba ce.

"Hutun kaza a akurki. To, ban ga laifinki ba. Jikata ma ta kwanta kwana shida da gudawar nan. In agwagina ne suka yi mata haka, gara su tafi." Ya gyara hularsa. "Ba za ki taron ba? Ke ce fa uwar tafiyar."

"Yi gaba, ina zuwa."

Ya tafi. Ta bi shi da kallo har ya sha kwanar masallaci.

Ruwa ya fara dawowa. Ta san shi kamar yunwar cikinta: nan da rabin awa zai taɓa dutsen, nan da awa guda ya rufe komai, rinin ya narke ya bi teku, ba wanda zai ƙara ganinsa. Rahoto kuwa an riga an rubuta. In ta buɗe baki, rumfarta za a rufe har sai an fasa tayil ɗin an gina sabon rami, kuma matan da ta sa suka sa hannu za su yi shekara suna ba da labarinta a bakin rijiya. Abin da ya fi ci mata rai ma, za a ce aikin marigayi ne ya kwantar da yaran ƙauye.

Ta ji an kira la'asar tana zaune. Igiyar ruwa ta farko ta zo ta lashi yatsun ƙafarta ta koma. Ta biyun ta zagaye daron.

"Kai ma dai, Daeng Sikki," ta ce a hankali, "da ka daɓe shi ka huta."

Ta miƙe ta ɗaga daron. Ta haura rumfa da sauri, ta ɗauko farin kwanon da take zuba wa manyan baƙi miya, ta dawo ta durƙusa cikin ruwa ta tara shi inda koren yake fitowa har ya kusa cika.

Zauren taron ya cika da mutane lokacin da ta shiga, zaninta jiƙe har gwiwa. Irmawati ta gama karanta rahoton. Dagaci ya tura takarda gaban Daeng Tarru, tsohon yana ta juya biro a hannu yana neman inda ake dannawa.

"Yawwa, ga shugabar ta iso," in ji dagaci. "A matsa mata a gaba."

"Daeng Tarru, ajiye biron nan," in ji ta.

Ta ɗora kwanon a kan tebur, a tsakiyar takardun. Ruwan cikinsa kore shar. Irmawati ta leƙa, ta ɗago da sauri.

"Daeng, a ina kika samo wannan?"

"A gindin dutsen da ke ƙasan rumfata. In kin yi sauri za ki tarar da sauran kafin ruwa ya rufe." Ta nuna kwanon. "Daga masaina ne. Ki yaga waccan takardar ki rubuta wata."

Irmawati ta fita a guje. Matan da ke layin gaba suka shiga kallon juna, wata ta rufe baki da gefen mayafi, kuma ba wadda ta matsa. Daeng Kebo ta tsaya a tsakar zauren, ruwa yana ɗiga daga zaninta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Daeng Tarru ya ajiye biron. Ya koma bencinsa, ya matsa can gefe, ya kakkaɓe wurin da hularsa.

"Zo ki zauna," in ji shi. "Kin ce bayanki na ciwo."