Kunnen Baba

Karo na biyar ke nan Baba Kunne yana rataya fistin ɗin nan a waya, ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, ya kara kunne. Ya sauke, ya rataya wani sabo fil, ya ƙwanƙwasa. Duk ɗaya. Ga tsaga a jikin na farkon, siririya kamar gashi, daga ramin ƙusarsa har gindi, amma a kunnensa ba su da maraba.

Shekara ashirin da shida aikinsa ke nan a masana'antar ƙera fistin na inji. A narka alminiyam, a zuba, ya huce, a kawo masa. Lafiyayye ya yi ƙara mai tsawo, mai tsaga ya yi "ƙwas" ya mutu. Wanda ya ci jarrabawa Baba ya shafa masa shuɗin alli, sai kwali. Har tsokanarsa ake yi wai yana jin tafiyar tururuwa.

To yau da safe wani makanike ya dawo da fistin tara, duk sun tsage a cikin injinan mutane, kuma kowanne a cikin kwalin da ya fito, da shuɗin alli a jikinsa.

Baba ya kasa zama. Ya je bakin famfo, ya dawo bai sha ba. Ya goge teburin da ya riga ya goge. Ta gilashin ofis yana hango manaja yana nuna Dogo mai zubi da yatsa, Dogo kuwa ya cire hula yana murɗa ta. Mai shara ce ta matso dab da shi, ta faɗa masa abin da ake ciki.

"Baba, wai manaja ya ce kunnenka ba ya ƙarya. Wai Dogo ne ke satar allinka yana shafa wa waɗanda ba ka duba ba, don aiki ya yi sauri. Takardar kora ake rubuta masa."

Bakinta ya bi da kallo, kamar yadda ya saba yi wa kowa kwanan nan. A gida ma da haka yake lallaɓawa. Matarsa ta ce ya fara girman kai, jikoki suka ce Kaka ya cika ƙure rediyo. Tsoro ne fal cikinsa, tsoron zaman gida, da tsoron ranar da za a kira shi Baba kawai.

Dogo fa 'ya'yansa huɗu, kuma ko cokalin shayi bai taɓa ɗauka a wurin nan ba.

Baba ya kai ƙofar ofis, ya juyo. Ya sake komawa. A karo na uku ya tura ƙofar ba sallama, guduma na hannunsa.

Manaja ya miƙe da girmamawa, ya jawo masa kujera, ya yi magana a hankali yana duban takardar da ke gabansa. Baba bai ga bakinsa ba. Manaja ya ɗago, ya maimaita, yana jiran amsa. Dogo ma ya zuba masa ido.

Baba ya ajiye gudumar a kan takardar.

"Ranka ya daɗe, ɗaga murya," in ji shi. "Ba na ji. Wata bakwai ke nan ba na ji."