Giɓi Na Biyu

Saura mako uku 'yata Hamida ta zauna jarrabawar shiga jami'a. A kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Tun rasuwar mahaifiyarta, matata Mero, take zaune wurin gwaggonta a Karaye saboda makaranta, sai Juma'a take zuwa mini Rogo. Sauran kwanakin daga ni sai rumfar da nake aikin kafinta.

Wani tsohon akawu da na gyara wa ƙofa ya ba ni wata kwamfuta wadda ta girmi Hamida. Na tayar da janareto ta kama, amma faifan gwajin jarrabawar da na sayo ya ƙi buɗewa. Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai wa Lukumanu mai gyara a kasuwar Karaye.

Bayan mun gaisa ya kwance ta, ya leƙa ciki, ya yi dariya.

"Baba Aƙilu, wannan ai sa'ar kakata ce! Ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, sai an ƙara mata ram."

Ya zaro wani koren falle mai tsawon tafin hannu, ya nuna mini gindinsa. "Ka ga, giɓi biyu ne. An daina yin irinsa tun ina firamare. Wanda nake da shi giɓi ɗaya ne. Ba ni wata guda in cigita a Kano."

"Wata guda? Saura mako uku fa."

"To Baba, ni dai ban iya ƙera shi ba."

Na ce ya sayar mini da mai giɓi ɗayan.

"Ba zai zauna ba fa."

"Kawo dai."

Ranar Alhamis da hantsi na jera su biyun a kan bencin aiki. Tsawonsu ɗaya. Shekara ashirin da bakwai ina kafinta, katako bai taɓa ƙin shiga gurbinsa na mayar da shi ba, ragewa nake yi. Da Mero na nan da ta ce, "Malam, bari yarinyar ta zo tukuna." Na waiwaya, ba kowa sai kaji a bakin zaure.

Na auna, na sa alama da fensir, na ɗauko ƙaramin magagari. Na fitar da giɓi na biyu a jikin sabon fallen, na ɗan faɗaɗa na farkon. Da na danna shi a gurbin, sai ya zauna ƙas. Wallahi har murmushi na yi ni kaɗai.

Na yi bisimilla na kunna. Fankar ta juya sau biyu, sai ƙauri kamar na ƙonanniyar leda, sai shiru. Na cire, na mayar da tsohon. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ina zaune a gabanta har aka kira la'asar, janareto yana ta shan mai a banza.

Washegari Juma'a Hamida ta iso bayan an sauko daga masallaci.

"Baba, ina mutuniyar tawa? Ta warke?"

Na miƙa mata fallen. Ta shafa inda na goga.

"Baba, magagari ka sa mata?"

"Na ga tsawonsu ɗaya ne."

Ta ajiye fallen a kan benci, har na so a ce faɗa ta yi. Can ta jawo kibod ɗin, wato farantin haruffan, ta ɗora a cinya.

"Malaminmu ya ce haruffa kaɗan ake dannawa a jarrabawar. Ɗauko takardun tambayoyin gwaji da ke jakata ka karanta mini."

Turancina na aji biyar ne. Ina karantawa ina tuntuɓe, tana gyara mini, sannan ta nemi harafin amsar ta danna, baƙin gilashin yana kallonmu. Da fari sai ta yi ta lalube kafin ta ga B. Zuwa Lahadi ba ta ko duba ƙasa.

Da yamma ta naɗe kibod ɗin a tsohon zanen mahaifiyarta.

"Zan ci gaba a can. Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma zan riƙa jin muryarka, da duk kurakuranka."

Na raka ta tasha, na tsaya har motar ta sha kwana. Da na dawo rumfa na tarar da koren garin da magagari ya zubar yana nan a kan benci. Na ɗauki tsintsiya, na kuma ajiye ta.