Kwamfutar Likitan Jamus

Baffa Ja'afaru ya ƙwanƙwasa murfin kwamfutar da bayan yatsa sau uku, ya kara kunne, kamar mai sayen tukunyar ƙasa.

"Kun ji ko?" ya ce. "Fanko ce."

Nasiha ba ta ji komai ba sai ƙarar janareton shagon maƙwabta. Ta dubi mahaifinta, Malam Husaini. Shi kuwa ya duƙufa yana karanta wata kalanda ta bara da ke rataye a bango.

Jibi Litinin, ƙarfe tara na safe, wani kamfani a Abuja zai yi wa Nasiha jarrabawar ɗaukar aiki ta intanet. Awa huɗu za ta yi tana shigar da bayanai, kyamara a kunne. Duk wanda kwamfutarsa ta mutu a tsakiya, an soke sunansa. Shekara biyu ke nan da ta gama bautar ƙasa, kuma wannan ne karo na farko da wani ya amsa mata takarda. Wutar lantarki a layinsu na Jigwada ba ta faɗin ranar zuwanta, janareton gidan kuma yana da nasa ra'ayin. Saboda haka ta shafe mako uku tana karanta bayanan masu gwajin kwamfutoci a wayarta, wacce ce ke zafi, wacce ce murfinta ke ɓallewa, wacce ce batirinta ke kai yamma. Ta tsaya a kan wata sabuwa mai tambarin ganye. Ita ce Baffa ya kira fanko.

Baffa Ja'afaru yayan mahaifinta ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da sito a wata ma'aikata, yana karɓar kaya yana sa hannu, har ya yi ritaya. Tun daga nan ba a sayi wani abin da ya fi fanka girma a zuriyarsu ba sai da shi. Firiji, keken ɗinki, katifar aure, duk sai ya ƙwanƙwasa. Ba wanda ya taɓa tambaya ko ya iya kunna kwamfuta, kamar yadda ba a tambayar alƙali ko ya taɓa sata.

"Baba, sabuwa ce fil," in ji Ruben, mai shagon. "A kwalinta take. Garanti shekara ɗaya."

"Abin da nake gudu ke nan. Sabuwa! Wa ya gwada ta?" Baffa ya ture ta gefe. "Kai yaro ne. Kamfanonin nan kaya iri biyu suke yi. Akwai na Bature, akwai namu. Namu su ne ake turo mana a kwali da ƙyalli. Na Bature kuwa sai ya yi amfani da shi shekara uku, ya tabbatar lafiyarsa lau, sannan ya sallamo mana. Kawo mini Baljiyam. Mai tambarin ɓauna."

Ruben ya duƙa ƙarƙashin kanta ya fito da wata baƙar kwamfuta da hannu biyu. Da ya ajiye ta, gilashin kantar ya yi ƙara. Fuskar Baffa ta washe.

"Yauwa! Irin wannan ce ta faɗo daga kan babur ɗin masinjanmu a hanyar Garaku. Kwalta ce ta ji ciwo. Ɗauki ki ji, 'yar nan."

Nasiha ta ɗauka. Ta yi nauyin turmi ƙarami. Ta tambayi Ruben awa nawa batirin ke yi. Ruben ya sosa ƙeya, ya ce ya danganta.

"Ya danganta da me?"

"Da ko an kunna ta."

Aka kunna, aka zare waya daga bango. Fankar cikinta ta tashi kamar injin niƙa. Baffa ya ce wannan shi ne ƙarfi. Ya shiga ba su labarin wani rediyo da ya saya a shekarar da aka haifi Uwais, babban ɗansa. Bai kai ga inda rediyon ya faɗa rijiya ba, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Nasiha ta duba agogon wayarta. Minti ashirin da biyu.

"Baffa, awa huɗu ce jarrabawar."

"Batir ba shi ne kwamfuta ba. Batir haya yake yi a ciki. Abin dubawa shi ne gangar jiki." Ya buɗe murfin ya rufe, ya buɗe ya rufe, da ƙarfin da ake rufe ƙofar tasi. "Wannan jikokinki ma sai sun gada."

"Abba," ta ce a hankali.

Malam Husaini ya yi gyaran murya. Malamin lissafi ne, shekara ashirin da shida yana koya wa yara cewa ashirin da biyu ba ta kai ɗari biyu da arba'in ba. Amma a gaban ɗan kasuwa, a tsakiyar gari, ƙane ba ya gyara wa yayansa lissafi.

"Yaya ya fi mu sani," ya ce.

Sai aka kira sallar azahar. Baffa ya ɗora tafin hannu a kan mai ɓauna ya ce wa Ruben kada ya nuna wa kowa, in sun dawo daga masallaci za a yi ciniki. Suka fita, Baffa a gaba.

Nasiha ta zauna a kan benci. Ta lissafa abin da ya rage mata: ko ta yi musu da Baffa a bainar jama'a, a yi shekara ana maganar 'yar Husaini da boko ya ɓata, ko ta tafi gida da turmi. Idonta ya ciko, ta juya fuska wajen bango.

"Sista," in ji Ruben. "Kada ki ɓata hoda. Kina son mai ganye, ko ba ki so?"

"Ka ji abin da ya ce ai."

"Ya ce ba ya son sabuwa. Bai ce ba ya son mai ganye ba." Ya leƙa waje, ya saki labule. "Minti goma sha biyar ya ishe ni in tsufar da ita."

Ba ta gane ba sai da ya jawo wani gwangwanin madara daga aljihun tebur. A ciki akwai guntun takardar yashi, tsohon mukulli, kwalbar basilin, da tarin lambobin liƙawa da ya ɓamɓaro daga matattun kwamfutoci.

"Sau uku nake yi a sati," ya ce. "Ba ke kaɗai ke da baffa a Keffi ba."

Ya ciro wata mai ganye daga sabon kwali, ya bar wadda Baffa ya ƙwanƙwasa a kan kanta. Ya miƙa hannu zai ɓare ledar da ke kan murfin, sai ya fasa, ya turo mata. Nasiha ita ce ta huɗu a ɗakinsu. Jakar makaranta, waya, har akwatin da ta kai jami'a, duk sai da yayyenta suka gaji da su kafin su iso gare ta. Ta kama bakin ledar ta ja a hankali. Murfin ya fito sumul, har ta ga fuskarta a ciki. Ta yi kamar daƙiƙa goma tana da sabon abu.

"To, kawo," in ji Ruben.

Ya ja mukulli daga kusurwa zuwa tsakiya. Ta runtse ido. Ya goge gefuna huɗu da takardar yashi, ya shafa basilin a kan maɓallan da aka fi dannawa don su yi sheƙin tsufa. Ya zuba lambobin a kan tebur yana zaɓe kamar mai tsintar shinkafa.

"Banki ko asibiti?"

"Ni ina na sani?"

"Asibiti. Dattawa suna son likita." Ya liƙa wata farar lamba mai dogon rubutun da ba wanda zai iya furtawa, ya ɗan kankare gefenta da farce. Sannan ya ninke takardar garanti ya ba ta. "Ɓoye. In Baba ya ga wannan, mun mutu."

Da suka dawo, Baffa ya zauna ya tattare hannun riga. Ruben ya tsaya yana murza hannu, kamar wanda zuciyarsa ke damunsa.

"Baba, na ga kai mai ido ne, ba zan iya ɓoye maka ba. Akwai wata da na ajiye wa kaina. Ta wani likita ce a Jamus. Ban so sayarwa ba."

"Ka gani, Husaini?" in ji Baffa. "Kullum mai kyau tana ƙarƙashin tebur. Sai sun ga wanda ya sani. Fito da ita."

Ya karɓa, ya bi karcen mukullin da yatsa daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Ya ƙwanƙwasa sau uku.

"Ka ji murya! Tim, tim." Ya jawo sabuwar da ke kan kanta ya ƙwanƙwasa. "Ka ji wannan, kwas, kwas. Tambari ɗaya, amma ba uwa ɗaya ba." Ya ɗora ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya lumshe ido. "Ta likita ta fi nauyi. Akwai ƙarfe a ciki."

"Amma ba ta kai mai ɓauna nauyi ba, Yaya," in ji Malam Husaini. 

"Kai ma dai! Likita zai yi ta zagaya marasa lafiya da dutse a hammata? Nasu ƙarfen na jirgin sama ne." Ya karkata murfin wajen haske yana duban maɓallan. "Dubi yadda suka yi sheƙi. Mutumin nan ya yi aiki. Allah ya saka masa."

Aka kunna, aka zare waya. A ƙasan fuskar aka rubuta awa tara da minti goma. Baffa bai duba ba, tunda batir haya yake yi.

"Nawa?"

"Dubu ɗari huɗu da hamsin, Baba."

Sabuwar dubu ɗari huɗu da ashirin ce. Nasiha ta buɗe baki, Ruben ya ɗan girgiza mata kai. Baffa kuwa ya yi dariyar jin daɗi, don tsadar ta ƙara tabbatar masa da asalin kayan. Ya yi ciniki irin na da. Ya miƙe sau biyu kamar zai tafi, ya kira sunan mahaifin Ruben wanda bai taɓa gani ba, ya ce a duba tsufansa. Bayan rabin awa aka tsaya a ɗari huɗu da talatin da biyar. Ruben ya ce an yanka shi. Malam Husaini ya fito da waya ya tura kuɗin.

"Ba don ni ba," in ji Baffa a bakin ƙofa, "da kun tafi da fanko."

"Allah ya ƙara girma, Baffa," in ji Nasiha.

Yayin da dattawan ke neman inda suka bar mota, ta koma kamar ta manta wani abu.

"Dubu goma sha biyar na mene ne?"

"Sista, in na faɗi ƙasa da kuɗin sabuwa, sai ya ce ta sata ce. Kuma likita ba ya zuwa kyauta."

Suka sauke Baffa a Tudun Ƙofa. Kafin ya shiga gida sai da ya tsaya a majalisar ƙofar gidansa, ya sa Nasiha ta miƙo kwamfutar ta tagar mota, dattawa huɗu suka taɓa karcen ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya ce daga gani likitan ƙashi ne.

Mota ta kama hanyar Jigwada. Nasiha ta rungume kwamfutar a ƙirji, takardar garanti na sukar ta a cikin hijabi. Tana ta juya yadda za ta fara. Dubu goma sha biyar a albashin malamin makaranta ba wasa ba ne, kuma ita ta jawo. Malam Husaini yana tuƙi da hannu biyu, a hankali, yana kauce wa ramuka.

"Takardar tana wurinki?" ya ce, idonsa a kan hanya.

"Wace takarda, Abba?"

"Ta garanti."

Sai da suka wuce masu gasa masara ta amsa.

"Tana nan."

"Ki sa ta a cikin fayil ɗin takardunki na makaranta. Can Yaya ba ya dubawa." Ya sauya giya. "Likitan nan naku ƙamshin sabon kwali yake yi. Kuma da na taɓa maɓallan sai da na goge hannu a riga."

"Abba, ka yi haƙuri. Kuɗin da aka ƙara..."

"Firijin da ke ɗakin mamanki, kin san shi? Na wani farfesa ne a Holan." Ya ɗan yi murmushi. "Dubu takwas na biya aka tsufar da shi. Lokacin abubuwa da sauƙi."

Ba ta san lokacin da dariya ta ƙwace mata ba. Shi bai yi ba, don yana ƙoƙarin wuce wata tirela.

Suna shiga layinsu wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya a gefe ya ɗauka da hannu biyu.

"Na'am, Yaya. E, mun iso lafiya... Uwais? To... To, Yaya. In sha Allahu. Za a bincika."

Ya kashe wayar ya ajiye ta a cinya. Layin ba wuta ko a shago ɗaya, yau kwana uku ke nan. Nasiha ta ɗaga murfin ta leƙa. Awa takwas da minti hamsin.

"Yaya yana son irinta sak, wa Uwais," in ji Malam Husaini. "Kina da lambar yaron nan?"

"Ina da ita."

"To, bari sai kin gama jarrabawarki. Ranar Talata ki kira shi, ki ce ya nemo mana wani likitan."