Buhun Wake a Ɗakin Yara

"Umma, wai yanzu ke ce Baba, shi kuma Baba ya zama Umma?"

'Yata Zara ce ta jefo mini wannan tambaya ina tsakiyar surfa wake da la'asar. Shekarunta biyar. Babanta na zaune a tabarma, bai fi taku uku daga turmin ba, ya miƙe ƙafar da aka yi wa ɗori, ƙaninta Musaddiƙ yana barci a gefensa. Na ce mata ta matsa kada taɓarya ta same ta. Ba ta matsa ba. Ta ce ai ita ta gani da idonta, ni ce mai fita da safe, shi kuma yana gida yana rainon yaro.

Baban ya yi dariya, ya ce gaskiyarta, abin da ya rage masa kawai ya ɗaura zani. Ni ma na dara. Amma shekara bakwai muna tare, na san dariyar da ta fito daga cikinsa, na kuma san wadda ta tsaya a haƙori.

Maigidana Malam Lauwali manomi ne, gonarsa tana Gwiwa, mu kuma muna haya a Kazaure, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Bayan kaka yana dawowa daga gona a babur akuya ta gitta masa, ya faɗi, ƙashin cinya ya karye. Cin ranin da ya saba zuwa kudu ya tashi ke nan. Abin da muke da shi a hannu buhu uku ne na waken gonarsa da ɗan gero. Na kwana biyu ina kallon buhunan nan a bayan ƙofar ɗakin yara, a rana ta uku na wanke kaskon da Innata ta ba ni, na fara koko da ƙosai a bakin tashar da motocin Roni da Gwiwa suke lodi.

Ba zan ɓoye ba, sana'ar ta karɓe ni, ni ma na so ta. Ina son lokacin da ƙullu ya bugu har ya yi fari ya tashi, ina son ƙarar faɗawarsa cikin mai. Direbobi suka san ni. Baba Daudu, wani dattijo mai jan motar Roni, kullum sai ya ce ƙosaina ya yi ƙanƙanta, kuma kullum shi ne na farko a kan benci. Da abin da kaskon nan ya kawo muke cefane, da shi ake sayen maganin ƙafa. Muddin akwai wake a bayan ƙofa, ban ji tsoron gobe ba.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, sai ƙwari suka shiga waken. Buhu ɗaya ya ƙare a lokacin, saura biyu. In na zura hannu sai in ji gari a yatsuna, in ga ƙwayoyin duk huji. Ranar da Zara ta yi tambayar nan na yi mita a fili, na ce in aka ci gaba a haka ƙwari za su riga mu cinye abincinmu kafin damina. Baban Zara yana jina.

Washegari na dawo daga tasha wajen azahar, don na biya ta wurin injin niƙa. Na tarar da shi a inuwa fuskarsa a sake, irin yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce in kwantar da hankalina, ya gama da ƙwarin nan. Kafin in tambaye shi ta yaya, Zara ta fito daga ɗakinsu tana riƙe da kai, ta ce kanta na ciwo. Ta zo gabana ta yi amai.

Na tura ƙofar ɗakin. An rufe taga, an toshe ƙasanta da tsumma. Wani wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Musaddiƙ yana kwance a katifa, kansa dab da buhunan.

Ban tsaya tambaya ba. Na sunkuce shi na fito da shi, na rufe hancina da mayafi na koma na buɗe taga, na jawo buhunan ɗaya bayan ɗaya har bakin zaure. Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Daga bayana Baban Zara yana bayani. Ashe ragowar ƙwayar maganin ƙwari ce da ya adana a gwangwani tun bara, irin mai launin toka da ake ƙullewa a tsumma a cusa a tsakiyar buhu. Da jan gindi ya shiga ɗakin ya saka, ya rufe taga don kada ƙarfin maganin ya fita. Haka suke yi a Gwiwa tun yana yaro. Sai dai a can hatsi yana rumbu ko ɗakin ajiya a bayan gida, ba mai kwana kusa da shi. Ya hana Zara shiga, amma da ya ɗan gyangyaɗa ta ja ƙaninta suka shige gudun rana.

Na goya ɗaya, na riƙe ɗaya, na tare babur zuwa asibiti. Sista Lydia ce ta karɓe mu, ma'aikaciyar jinya da ke aiko a saya mata kokona. Ta duba numfashinsu, ta tambayi tsawon lokacin da suka yi a ciki, ta ce mu zauna ta sa musu ido. Muka zauna a baranda inda iska ke kaɗawa. Kafin magariba Zara ta fara neman abinci, Musaddiƙ yana jan abin awon da ke wuyan Sista. Ta sallame mu, ta ce Allah ya taimake mu da rana abin ya faru, da kwana suka yi a ɗakin da labarin ya bambanta.

Da muka dawo na tarar Baban Zara bai ci komai ba. Na zauna kusa da shi a tabarma. A hanya na shirya maganganu da yawa, da na ga fuskarsa duk suka zube.

"Maman Zara," ya ce, "wata biyar ina kallonki kina fita kina dawowa. Abu ɗaya na ce bari in yi da hannuna."

"Na sani," na ce. "Gobe akwai aiki, kuma ba zan iya shi ni kaɗai ba."

Da safe na je wurin malamin gona na unguwarmu. Ya zo da kansa ya zare ƙullin maganin, ya tafi da shi da gwangwanin ya binne nesa da rijiya. Ya ce waken bai lalace ba, amma a baza shi a fili ya sha iska da rana mako guda kafin ya shiga bakin kowa. Yara suka koma ɗakinmu, nasu ya kwana uku a buɗe.

Mako guda ba ƙosai. Ban yarda in bar wurina a tasha ba, don akwai masu jiran in ɗaga. Na fita da koko, na haɗa da ɗan fanke. Baba Daudu ya leƙa kasko ya ce wannan kokon maraya ne, wa ya kashe masa uba? Na ce uban ya je shan iska, zai dawo ranar Talata. Ya ce to shi zai yi zaman makoki a bencina har ya dawo. Ya kuwa yi, shi da sauran, ba wanda ya sauya wuri.

A gida Baban Zara ne ya tsare shanyar. Yana zaune da doguwar sanda yana korar kaji, yana juya waken, yana tsince masu huji yana warewa. Ya fi ni ido a wannan, don ya san wakensa. Shi ne kuma ya kawo shawarar jarkokin man gyaɗa: muka wanke su suka bushe ƙarau, muka ɗura waken har wuya, muka toshe baki da leda muka murɗa murfi. In iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa. Ranar Talata na buga ƙullu, na soya na farko na ci da kaina, na jira, sannan na ba kowa.

Yanzu damina ta faɗi. Baban Zara yana takawa da sanda har masallaci, ƙaninsa ya yi masa shuka a Gwiwa. Jarka huɗu ta rage, za ta kai mu sabon wake in Allah ya so. Tsintar wake ta zama tasa, in na taɓa ma sai ya ce ban iya ba.

Ke da kike karanta wannan, ko kai maigida: in za a sa wa hatsi ƙwayar maganin nan, kada buhun ya zauna a ɗakin da mutum yake kwana, ko da na yini ɗaya ne. In kuwa kun shiga ɗaki kun ji warin tafarnuwa alhali ba a girka ta ba, ku fara fitar da yara, tambaya ta biyo baya.