Dinyoyin da Suka Sauka a Zobe

Gogo Batula tana surfe a tsakar gida Sodangi masunci, ɗan ƙanenta, ya shigo Kutawa da labari.

"Wallahi Gogo, tun ina yaro nake kamun kifi a Zobe, ban taɓa ganin tsuntsaye irinsu ba. Ba dinyarmu ba ce. Waɗannan ruwan toka ne, da fari a goshi. Malaman jami'a sun ce hamada suka ƙetaro."

Ta jingine taɓarya. Ta hamadar nan ɗanta Mutawakkil ya bi zuwa Aljeriya neman aikin gini. Da farko duk Juma'a sai ya kira, daga baya lambarsa ta daina shiga. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru.

Washegari Sodangi ya goya ta a babur har bakin dam ɗin Zobe. Sun tarar da wata malamar jami'a, Basma, tsaye da madubin hangen nesa. Ta gaida Gogo, ta ɗora mata shi a ido. Can a kan tudun yashi tsuntsayen suna tsintar ciyawa, ɗaya ta miƙe wuya tana gadi.

"'Yar nan, ta Aljeriya suka biyo?"

"Zai yiwu, Gogo. Sanyi ne ya koro su daga ƙasarsu. Ba safai suke kawowa nan ba."

"A hanya suna samun ruwa?"

Basma ta dube ta, ta sassauta murya. "Suna samu. Wasu kan daɗe a wani wuri kafin su ci gaba."

Gogo ta gyaɗa kai, ba ta sauke madubin ba sai da hannunta ya gaji.

Tun daga ranar, duk sanda Sodangi zai tafi ruwa da sassafe sai ya same ta a ƙofar gida da dawa ƙulle a bakin zane. Takan watsa a gaɓa, ta koma gindin wani marke ta zauna. Dinyoyin ba su taɓa matsowa ba, kurciyoyi ke cinyewa.

Da zafi ya fara, wata safiya suka iske tudun wayam.

"Sun koma gida ke nan, Gogo," in ji Sodangi.

"To, Allah ya kai su lafiya."

Ta kwance dawar ta watsa duk da haka. Sannan ta ce ya sake gwada mata lambar kafin su tafi.